Shugaba Ma Yana Buƙatar Malami



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, a yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari da na lura muna yi masa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ya riga ya hau kan wasunmu, wasu kuma yana nan tafe gare su. Wannan al'amari shi ne shugabancin mutane a wurin aiki. Maganata ba a kan gwamna ko shugaban ƙasa take ba, domin waɗannan kullum muna cikin zancensu. Ƙananan kujerun nan nake nufi, waɗanda ake ba sa'o'inmu: shugaban makarantar Islamiyya, manajan gidan mai ko reshen banki, mai kula da shago a kasuwa, shugabar ma'aikatan jinya a wani sashe na asibiti, amir ɗin ƙungiyar ɗalibai, da duk wanda aka wayi gari aka ce masa ga mutum biyar ko ashirin nan, daga yau suna ƙarƙashinka.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda aka ɗora wa irin wannan nauyi, in har yana son ya fita haƙƙinsa, to lallai ne ya nemi mutum guda wanda ya fi shi gogewa, wanda zai riƙa zama da shi a keɓe lokaci bayan lokaci, yana duba masa yadda yake magana da mutanensa da yadda yake tafiyar da su. A cikin wannan rubutu zan kira wannan mutumin da suna jagora. Ga dalilaina.

Yadda Muke Naɗa Shugabanni

Mai karatu, duba yadda ake zaɓen shugaba a mafi yawan wuraren ayyukanmu. A Islamiyya, malamin da ya fi kowa iya tajwidi ko nahawu shi ake ba shugabanci. A shago, yaron da ya fi kawo ciniki shi ake ba makulli. A ofis, wanda ya fi iya lissafi ko ya fi daɗewa shi ake ƙara wa girma. A zahiri wannan adalci ne, domin an saka wa mai ƙoƙari. To amma aikin da aka ba shi yanzu daban yake da wanda ya ƙware a kai. Jiya aikinsa shi ne ya karantar da aji ɗaya da kyau. Yau aikinsa ya koma ya sa malamai goma sha biyar su karantar da kyau, ya sasanta biyu daga cikinsu da ba sa ga-maciji, ya fuskanci uban da ya zo da fushi saboda an dake ɗansa, sannan ya tsaya gaban malaman ya shaida musu cewa albashin wannan wata zai yi jinkiri saboda iyaye ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka koya masa a darasin tajwidi.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun a shekarar 1969 wani malamin jami'a ɗan asalin Kanada mai suna Laurence Peter ya fitar da littafi a kanta, inda ya yi bayanin cewa ana ta ƙara wa ma'aikaci girma ne saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi matsayin da bai iya ba, sai ya maƙale a can. Shekaru hamsin bayan haka, a 2019, wasu masana tattalin arziki uku a Amurka, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, suka wallafa binciken da suka yi a kan dubban ma'aikatan sayar da kaya a kamfanoni masu yawa. Sun gano cewa kamfanoni sun fi ba gwanin ciniki kujerar manaja, amma a jimlace waɗanda aka sa ƙarƙashin irin waɗannan gwanaye ba sa yin ƙoƙari kamar waɗanda aka sa ƙarƙashin manajan da ya saba aiki tare da jama'a, ko da bai kai su iya ciniki ba. Ka ga ke nan an yi asara biyu: an rasa gwanin ciniki, kuma ba a samu manaja ba.

Ranar Da Gaskiya Ke Daina Zuwa

Akwai abu na biyu wanda a ganina ya fi na farko haɗari. Ranar da aka naɗa ka shugaba, a ranar ne gaskiya take fara rage zuwa wurinka. Abokan da kuke cin abinci a kwano ɗaya jiya, waɗanda za su iya ce maka wane ka yi kuskure, yau sun zama masu jiran sa hannunka kafin su samu hutu ko bashi ko ƙarin girma. In ka yi magana a taro sai su ce haka ne, in ka fita sai su faɗi abin da ke ransu. Mu kuma al'ummar da ke girmama na gaba ce, kunya da kara sun ratsa mu, don haka ƙarami zai gwammace ya ajiye aiki ya ce mahaifinsa ne ya nemi ya koma gida, da ya kalli shugabansa ya ce masa yadda kake yi mini magana a gaban ɗalibai ne ya kore ni. Sai shugaba ya shekara biyar yana aikata kuskure guda, kowa a wurin ya san da shi, har masinja da mai gadi, shi kaɗai ne bai sani ba.

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, malamin nan mutumin Tilimsan da ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta wata risala mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Abin da ya yi ta nanatawa a cikinta shi ne haɗarin da ke cikin shugaba ya ɓuya daga jama'arsa. Manajan yau ba shi da labule ko dogarai, amma yana da abin da ke yi masa aikinsu: ƙofar ofis a rufe, sakatare a bakin ƙofa, wayar da ba ya ɗagawa, da kuma uwa-uba fuskar da ke sa mai ƙorafi ya haɗiye maganarsa tun kafin ya zauna. Wanda ke cikin wannan hali yana buƙatar mutum ɗaya, ko da ɗaya tak, da ba ya cin abinci a hannunsa, wanda zai iya faɗa masa abin da sauran suka ɓoye.

Me Ya Sa Taron Bita Bai Wadatar Ba

Wani zai ce ai ana shirya tarukan bita. Haka ne, na halarci da dama, kuma na ƙaru. Ana tara mutum hamsin ko ɗari a zaure na kwana biyu ko uku, a gabatar da ƙasidu, a ci abinci, a raba takardar shaida. Amfaninsa shi ne kana jin ƙa'idoji, kana kuma haɗuwa da takwarorinka. Sai dai mai gabatar da ƙasida bai san ka ba. Zai ce shugaba nagari mai sauraro ne, kai kuma sai ka gyaɗa kai, domin a zuciyarka ka yi imani kai mai sauraro ne, har ma ka fara tuno wani shugaba da kake ganin shi ya kamata ya ji wannan magana. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ranar Litinin ka koma ofis, takardar shaida ta hau bango, hali kuma yana nan inda yake.

Iya mu'amala da mutane sana'a ce, ita kuwa sana'a a gefen mai ita ake koyonta. Je ka Kantin Kwari ko kasuwar Singa ka tambayi manyan 'yan kasuwa inda suka koyi ciniki. Mafi yawansu za su ambaci maka sunan ubangidan da suka yi shekaru a shagonsa, yana kallon yadda suke tarbar mai saye, in mai sayen ya fita ya ce musu da ka bar shi ya fara taya, da kada ka nuna masa kana ƙagare. Haka ma a fagen ilimi. Imam Abu Hanifa ya lizimci malaminsa Hammadu ɗan Abi Sulaiman har shekara 18. Imam Malik kuwa, mahaifiyarsa da za ta tura shi wurin Rabi'a, ladabin malamin ta umarce shi ya fara ɗauka kafin iliminsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi zama a gaban Malam Jibrilu ɗan Umar. Dukkanmu mun yarda cewa ba a gyara makharijul huruf ta hanyar sauraron lacca. Sai ka karanta, malami ya ji, ya ce maka sake. To me ya sa muke zaton za a iya gyara harshen shugaba da lacca?

Abin Da Magabata Suka Yi

Idan muka duba sira, za mu ga Manzon Allah (SAW) bai wadatu da huɗubar da yake yi wa kowa da kowa ba a duk lokacin da zai ba mutum jagoranci. Da zai aika Mu'azu ɗan Jabal (RA) zuwa Yaman, ya keɓe shi da wasiyya ta musamman. Ya sanar da shi irin mutanen da zai tarar, wato ma'abota littafi. Ya tsara masa abin da zai fara kira gare shi da abin da zai biyo baya, mataki bayan mataki. Ya gargaɗe shi a kan zaɓar mafi kyawun dukiyar mutane wajen karɓar zakka, ya kuma tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta. Shi da Abu Musa al-Ash'ari (RA) an umarce su da sauƙaƙawa, da yin bushara, da haɗin kai a tsakaninsu. Duba da kyau, ya ɗan'uwa: san mutanenka, kada ka jibga musu komai a lokaci ɗaya, kada ka yi amfani da kujerarka ka ƙware su, kada ku shugabanni ku riƙa saɓa wa juna. Duk wannan darasi ne na tafiyar da jama'a, kuma an ba da shi ne ga mutum a kan aikin da ke gabansa.

Sai kuma Abu Zarr (RA), wanda gaskiyarsa da gudun duniyarsa ba su da abokin musu. Ya nemi a ba shi wani muƙami, sai Manzon Allah (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa cewa yana da rauni a wannan fage, kuma shugabanci amana ce mai zama nadama a ranar ƙiyama ga wanda bai ba ta haƙƙinta ba. A nan akwai darussa biyu. Na farko, taƙawa da ilimi ba su ne iya shugabanci ba, mutum zai iya samun waɗancan ya rasa wannan. Na biyu, irin wannan magana sai daga bakin wanda ya san ka ciki da waje, wanda kuma ka tabbatar yana ƙaunarka.

A ƙasarmu ma haka aka yi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano bisa roƙon mutanen garin da ke neman sanin yadda za su tafiyar da hukunci. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Umaru Dallaji, sarkin Katsina, ya kuma amsa tambayoyin Yakubun Bauchi a wata risala ta daban. Waɗannan mutane ne da suka riƙe tuta suka ci yaƙi, amma ba su ga ƙasƙanci ba a cikin su ce wa wanda ya fi su sani: ga abin da ya shige mini duhu a mulkin jama'a, ka haska mini.

Abin Da Manyan Kamfanoni Suka Gano

Wataƙila wani ɗan boko ya ce wannan tsohon zance ne. To mu leƙa Amurka. A shekarar 2001 aka ɗauko Eric Schmidt ya shugabanci kamfanin Google. A lokacin yana da shekara 46, yana da digirin digirgir, kuma ya riga ya shugabanci wani babban kamfani mai suna Novell. Duk da haka ɗaya daga cikin masu zuba jari a kamfanin, John Doerr, ya ba shi shawarar ya nemi mai horar da shi. Schmidt da kansa ya sha ba da labarin cewa da farko abin ya ɓata masa rai, domin yana ganin ai bai yi wani laifi ba. Daga baya ya amince, aka haɗa shi da Bill Campbell, tsohon kocin ƙwallo a jami'ar Columbia wanda ya koma harkar kasuwanci har ya shugabanci kamfanin Intuit. Sun yi shekaru suna zama tare, kuma Schmidt ya riƙa ambaton wannan a matsayin shawara mafi kyau da aka taɓa ba shi. Hujjarsa ita ce babu ɗan wasan da ya shahara ba tare da koci ba, saboda mutum ba ya iya ganin kansa yadda wasu ke ganinsa. Shi dai wannan Campbell, wanda ya rasu a 2016, shi ne kuma aminin Steve Jobs na kamfanin Apple kuma mai ba shi shawara.

Shi kansa kamfanin Google, a farkon shekarunsa ya taɓa gwada cire manajojin injiniyoyinsa, amma gwajin bai yi nisa ba aka mayar da su. Daga 2008 sai ya ƙaddamar da bincike a kan manajojinsa domin gano abin da ya bambanta na kirki da sauran. Suka fitar da halaye takwas. Na farko a jerin shi ne manaja ya zama mai horar da na ƙasa da shi. A cikin jerin akwai iya magana da sauraro, da barin ma'aikaci ya yi aikinsa ba tare da an tsaya masa a ka ba. Ƙwarewa a fannin fasaha ita ta zo ta ƙarshe, a kamfanin da gaba ɗayansa injiniyoyi ne suka gina shi. Kafin su ma, Andy Grove na kamfanin Intel ya yi bayani a littafinsa na 1983 cewa zaman shugaba da ma'aikacinsa su biyu yana cikin muhimman ayyukan manaja, kuma ƙaramin ne ya kamata ya zo da batutuwan da za a tattauna.

Yadda Zaman Yake Kasancewa

Kada mai karatu ya zaci abin da nake kira gare shi fira ce a majalisa. Yana da tsari, kuma rashin tsarin ne ke kashe shi. A ware lokaci tabbatacce, misali awa ɗaya a kowane mako biyu, a wurin da babu mai shigowa, wayoyi kuma a ajiye su. A yi yarjejeniya tun farko cewa abin da aka faɗa a zaman amana ne. A sa wa'adi, kamar wata shida, sannan a zauna a duba ko an samu ci gaba.

Shugaban shi zai zo da batu, kuma batun ya zama abin da ya faru da gaske a cikin makonnin nan biyu: wane na ba shi aiki bai yi ba, wance ta daina magana a taro, na rubuta wa wane takardar tuhuma yanzu ya daina gaishe ni. Jagora nagari ba ya gaggawar yanke hukunci. Tambaya yake fara yi. Me ka so ya faru? Da waɗanne kalmomi ka faɗa masa? Su wa ke wurin? Kana jin me shi ya fahimta? Ban da abin da ka yi, wace hanya ce kuma da za ka iya bi? Me za ka gwada kafin zama na gaba? Sau da yawa kafin a kai tambaya ta huɗu shugaba ya gano bakin zaren da kansa, abin da mutum ya gano da kansa kuwa ya fi zama a zuciyarsa.

Sannan jagora ba zai dogara da labarin shugaba kaɗai ba, domin kowa in zai ba da labarin rigima shi ne mai gaskiya. Da izinin shugaban, sai ya halarci taron ma'aikata ya zauna a gefe bai ce uffan ba. Ya karanta irin saƙonnin da shugaba ke tura wa ma'aikata a WhatsApp. Ya tambayi wasu daga cikinsu abin da suke so shugabansu ya ci gaba da yi da abin da suke so ya bari, ya kawo masa saƙon ba tare da sunan kowa ba.

Na san wani matashin malami, haziƙi, mahaddacin Alƙur'ani, da aka ba shugabancin wata Islamiyya. Cikin shekara guda malamai huɗu suka bar makarantar, kowanne da uzurinsa mai kyau. Shi a fahimtarsa ƙarancin albashi ne. Kwamitin makarantar ya roƙi wani dattijo, tsohon hedimastan firamare da ya yi ritaya, ya riƙa zama da shi ranar Alhamis, tunda ba a karatu. Dattijon ya halarci taron malamai sau biyu. A zama na gaba sai ya ce masa: "Malam, na ga kana tambayarsu ko akwai mai magana. Amma ka lura kana yin tambayar ne bayan ka rufe littafinka ka miƙe tsaye?" Ya ce: "Wallahi Baba ban taɓa lura ba." Ya ce: "To a taro mai zuwa ka fara da su. Ka kira sunan mutum, ka tambaye shi abin da ke damun ajinsa, kada ka amsa sai ka maimaita masa abin da ya faɗa ya ce haka yake nufi." Wata biyu suka yi a kan wannan hali guda. A nan ne ya ji, a karo na farko, cewa gyaran da yake yi wa malamai a gaban ɗalibai in ya shiga aji ya fi ƙarancin albashin ci musu rai. Albashin bai ƙaru ba a shekarar, amma ba a sake samun wanda ya tafi ba.

Lura da cewa dattijon bai zo masa da jerin laifuka goma ba. Hali ɗaya ake kamawa har ya zauna, sannan a matsa gaba: yadda ake ba da umarni a fayyace, wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe; yadda ake yin gyara a keɓe, yabo kuma a bainar jama'a; yadda shugaba zai kai mummunan labari da bakinsa tun da wuri maimakon ma'aikata su tsince shi a bakin wasu; yadda zai sakar wa mataimakinsa aiki ya kuma haƙura da cewa ba zai yi shi daidai da yadda shi zai yi ba.

Abubuwan Da Za A Iya Cewa

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu abin dubawa ne. Na farko za a ce girman shugaba zai zube in aka ji yana da mai koya masa. Amsata ita ce girman yana zubewa ne a duk ranar da ya maimaita kuskuren da kowa ke gani. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana roƙa wa wanda ya nuna masa aibinsa rahamar Allah, yana ɗaukar hakan a matsayin kyauta, wannan kuwa bai rage masa kwarjini ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, kuma shi ne mafi ƙarfi: jagora zai iya rikiɗewa ya zama ubangida mai juya kujera daga bayan fage, ko bafade mai kawo gulma. Wannan gaskiya ne, mun ga irinsa a siyasa da ƙungiyoyi. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa kowane shugaba yana da makusanta iri biyu, masu tura shi ga alheri da masu tura shi ga sharri. Saboda haka zaɓen jagora shi ne rabin aikin. Kada ya zama yana neman kwangila a wurinka, ko yana da ɗan da yake so ka ɗauka aiki. In da hali kada ya zama shi ne mai rubuta rahoton ƙarin girmanka, domin ba za ka iya buɗe masa rauninka ba. Kada ya yanke maka hukunci. Shawara tasa ce, kujera taka ce, kai za a tambaya. Wanda duk zama yabonka yake yi, ko kuwa duk zama sunan wani ma'aikaci yake kawo maka, ka sallame shi cikin mutunci.

Na uku za a ce ina kuɗin? A ƙasashen Turai da Amurka wannan aiki ya zama sana'a, kamfanoni na biyan kuɗi masu yawa a kai, kuma ma'aikatar da ke da hali babu laifi ta biya. Amma mu Allah Ya hore mana abin da ba mu amfana da shi. Kowace unguwa tana da tsofaffin shugabannin makarantu, da manajojin banki, da manyan sakatarori, da 'yan kasuwar da suka yi shekara talatin suna riƙe da mutane, yanzu suna zaune a ƙofar gida babu mai tambayarsu komai. Da yawansu abin da suke jira kawai shi ne a zo musu da ladabi. 'Yan'uwa mata da aka ba shugabanci su ma suna da iyaye mata irin waɗannan, tsofaffin shugabannin makarantun 'yan mata da manyan ma'aikatan jinya, kuma mace ta nemi mace ya fi dacewa da zaman keɓe.

Na huɗu, wani zai ce ai ina da malamina da nake karatu a wurinsa. Madalla, ka riƙe shi. Amma in bai taɓa riƙe ma'aikata ba, to zai sanar da kai hukuncin zalunci, ba lallai ne ya iya nuna maka cewa yadda kake raba jadawalin aiki zalunci ne ba. Kowane fage da mutanensa. A tafiyar hijira, Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar (RA) sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanyar kuma amintacce ne. Sharuɗɗan ke nan guda biyu: sani da amana.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa da aka ba kujera, mutanen da ke ƙarƙashinka suna kwashe mafi yawan yininsu tare da kai. Maganar da ka yaɓa wa mutum da safe, da ita zai koma gida, matarsa da 'ya'yansa su kwashi rabonsu. Malamin da ya bar Islamiyya saboda halinka, ajinsa ne zai zauna wata biyu babu mai karantarwa. Hadisin kiwo da muke karantar da yara, wanda ke nuna kowa za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo, ya haɗa da manajan gidan mai kamar yadda ya haɗa da sarki. Saboda haka kafin wannan wata ya ƙare, ka zauna ka rubuta sunayen mutum uku da suka riƙe jama'a aka rabu da su lafiya, ka zaɓi ɗaya, ka je gidansa da ƙafarka ka ce masa: Baba, an ɗora mini nauyi, ina so ka riƙa duba ni.

Ga kwamitocin makarantu da masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyi kuma, ina roƙon kada ku sake miƙa wa matashi makulli ku juya baya. Ranar da kuka ba shi takardar naɗi, ku haɗa shi da wanda zai riƙa zama da shi, tun kafin ɓaraka ta auku, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu da suka yi ritaya, in yaro ya zo muku, ku ba shi lokacinku, ku riƙe sirrinsa, ku faɗa masa gaskiya da taushin harshe. Abin da kuka tara na gogewa ilimi ne mai amfani, kuma muna fata ladansa ya riske ku ko bayan ranku.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya haɗa mu da masu gaya mana gaskiya, Ya kuma ba mu zuciyar karɓarta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah Shi ne Mafi sani.